Kyuba daga 1990 zuwa 1994: abin da ya faru da talaka da uban gidan gwamnati ya faɗi

A shekarar 1989 ƙasar Kyuba ta shigo da kaya daga waje na wajen dala biliyan 8. Zuwa 1993 abin da ta iya shigowa da shi bai fi na biliyan 2 ba. Kuma fa ba yaƙi aka yi ba, ba juyin mulki ba, gwamnatin da ke kan kujera ita ce dai tun 1959, Fidel Castro na nan, jam'iyyar kwaminis na nan da ƙarfinta, amma kashi uku cikin huɗu na kayan da ke shigowa tsibirin da ke ɗauke da mutum sama da miliyan 10 sun ɗauke cikin shekara huɗu kacal. Tattalin arzikin ƙasar gaba ɗaya ya ragu da wajen kashi 35 cikin ɗari. Gwamnati ta raɗa wa zamanin suna wai Lokaci na Musamman a Zaman Lafiya, tun a 1990 ta fara shelarsa, asalin tsarin ma na yaƙi ne, an tanade shi ne saboda ranar da abokan gaba za su yi wa tsibirin ƙawanya ta ruwa, sai ga shi an ɗauko shi ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Toh kafin a zo ga wahalar, sai an fahimci yadda aka ɗaure ƙasar tun farko. Bayan Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumi a farkon shekarun 1960, Kyuba ta jingina da Tarayyar Sobiyet, a 1972 ta shiga ƙungiyar kasuwancin ƙasashen gurguzu da ake kira Komekon. Cinikin mai sauƙin fahimta ne. Kyuba ta noma rake ta yi sukari, Sobiyet ta saya a farashin da ya ninka na kasuwar duniya, ita kuma ta turo man fetur, alkama, takin zamani, tarakta, motoci da sifiya a farashi mai rangwame, abin da ya rage a rubuta bashi. Man da ake turowa ya kai tan miliyan 13 a shekara, har ma a shekarun 1980 Kyuba na sayar da rarar man a kasuwar duniya ta samu kuɗin waje, kaga ƙasar da man nata bai taka kara ya karya ba ta zama mai fitar da mai. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 wajen kashi 85 cikin ɗari na kasuwancinta na waje da wannan ɓangaren take yi. Ga shi tun 1986 ta daina biyan bashin da ƙasashen Yamma ke binta, dan haka ta can ma ba wanda zai ranta mata.

Wannan ta waje kenan. Ta cikin gida kuwa, wadda ni a ganina ita ce ta mayar da karayar arziki ta zama masifa ga talaka, ita ce a 1968 gwamnati ta ƙwace sama da ƙananan sana'o'i dubu 55, ba manyan kamfanoni ba fa, waɗannan an gama da su tun farkon juyin juya halin 1959 da ya kawo Castro kan mulki, a'a, shagon aski, mai gyaran takalmi, mai sayar da abinci a bakin titi, ƙaramin kanti, gareji, duk sun koma hannun gwamnati. Daga nan kusan kowa ma'aikacin gwamnati ne. Abinci kuma tun 1962 ta littafin rabo ake samu, libreta suke ce masa, kowane gida da nasa, kaje kantin unguwarku a duba a auna maka shinkafa, wake, sukari, mai, sabulu a farashi mai araha sosai. A 1980 an ɗan buɗe kasuwar da manoma za su kawo rarar amfaninsu su sayar, jama'a suka ji daɗi, a 1986 Castro ya rufe ta yace tana haifar da dillalai masu kuɗi. Shekara huɗu kacal kafin yunwa ta iso. Wato an toshe ƙofa ta biyu da gangan, aka bar wa mutum ƙofa ɗaya tal, ƙofar gwamnati, ita kuma gwamnatin ƙofa ɗaya gare ta, ta Mosko.

Kuma ba za a ce abin ya zo musu ba zata ba, dan Castro da bakinsa a jawabin Yulin 1989 ya faɗi cewa Tarayyar Sobiyet na iya wargajewa. Katangar Berlin ta faɗi a Nuwamban shekarar, Komekon ta rushe a 1991, a Disamban 1991 ita ma Sobiyet ɗin ta bi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sabuwar Rasha tace daga yanzu ciniki da farashin kasuwa, kuma da kuɗi a hannu. Abin da ke ba ni haushi shine a Agustan 1991, ana tsaka da shiga wannan rami, Havana, babban birnin ƙasar, ta karɓi baƙuncin gasar wasannin nahiyar Amurka da sababbin filaye da masaukan 'yan wasa, alhali layin burodi ya riga ya fara tsawo.

Da mai ya yanke komai ya biyo baya, saboda wutar lantarkin ƙasar ma da man ake samar da ita. A 1993 akwai wuraren da ake ɗauke wuta awa 12 zuwa 16 a rana, a ƙasa mai zafi da sauro, ba fanka, ɗan abin da aka samu aka sa a firij ya lalace, famfo baya turo ruwa zuwa benaye, tsofaffi na hawa da bokiti hawa biyar hawa shida. Mutane na fitowa su kwana a kan rufin gida ko baranda. Kananzir da gas ɗin girki suka yi wuya, aka koma itace da gawayi. Masana'antu suka rufe ko suka koma rabin aiki, jaridu suka rage fitowa saboda ba takarda, tashar nukiliyar da ake ginawa a Juraguá da taimakon Sobiyet aka dakatar da ita a 1992, har yau kangon na nan.

Sufuri kuwa ya mutu murus. Bas-bas ɗin Havana yawancinsu na ƙasar Hangari ne, ba mai ba sifiya, sai aka shigo da kekuna sama da miliyan ɗaya daga Chaina ana sayar wa ma'aikata da ɗalibai, kekuna masu nauyin tsiya, mutum bai ci ya ƙoshi ba zai tuƙa kilomita goma ko sha biyar zuwa wurin aiki ya dawo, wani da matarsa a baya da yaro a gaba. Sannan aka ƙirƙiro wata mota da ake kira raƙumi saboda tozo biyu da take da shi, kan tirela ne aka jona masa doguwar akwatin ƙarfe, ana cusa mutum har 300 a ciki cikin wannan zafin. A bakin manyan hanyoyi kuma aka ajiye jami'ai masu kaki rawaya, aikinsu kawai su tsayar da duk motar gwamnati da ta zo wucewa su loda mata mutanen da suka yi awanni suna jira. A gonaki taraktoci suka tsaya aka dawo da shanun huɗa. Sukarin da shine kuɗin ƙasar, daga wajen tan miliyan 8 a 1990 ya sauko miliyan 4 da ɗan kai a 1993, a 1995 miliyan 3 da ɗan kai. Ga wata muguwar guguwa da ta afka musu a Maris ɗin 1993 ta ƙara lalata amfanin gona.

Amma abinci shine zuciyar maganar. Littafin rabon nan bai daina aiki ba, sai dai abin da ake aunowa ya riƙa raguwa har ya zama baya kai iyali ƙarshen wata, wani abin ma sunansa na cikin littafin amma kanti babu shi. Burodi ɗan dunƙule ɗaya mai giram 80 ga kowane mutum a rana. Madara sai yaron da bai kai shekara bakwai ba, ranar da ya cika bakwai an yanke. Nama ya zama labari, aka kawo niƙaƙƙen waken soya da aka gauraya da ɗan abin da ba a rasa ba na nama ana rabawa. Mata suka koyi jiƙa ɓawon wani babban lemo su soya shi a ci a matsayin nama, da safe kuwa mutane da yawa ruwa da sukari kawai suke sha su hau keke. Akwai masu kiwon alade da kaji a cikin banɗakin gidan bene a tsakiyar birni. Man girki, sabulu, man goge baki, audugar mata, duk sai an yi da gaske. Kiyasin abin da mutum ke ci a rana ya faɗo daga kusan kalori 2,900 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa ƙasa da 1,900 a 1993, binciken likitoci ya nuna baligi ya zubar da wajen kilo biyar, kuma wannan matsakaici ne, wasu sun fi haka nesa ba kusa ba.

Sai jiki ya fara nunawa. A ƙarshen 1991 a lardin Pinar del Río, yankin da ake noman taba, mutane suka fara zuwa asibiti suna cewa idonsu na dushewa, wasu ƙafa da hannu na musu zugi da sanyi. Kafin ƙarshen 1993 cutar ta kama sama da mutum dubu 50 a faɗin ƙasar. Da farko an yi ta zargin guba ko ƙwayar cuta, daga baya bincike ya tsaya a kan rashin abinci mai gina jiki musamman bitamin B, ga shan taba da ya ƙara tsananta ta. Da gwamnati ta fara raba ƙwayar bitamin ga kowa da kowa cutar ta ja baya. Wannan ciwon jijiya irinsa aka gani a sansanonin fursunonin yaƙin duniya na biyu, shine ya bayyana a ƙasar da take alfahari da yawan likitoci.

A nan dole a yi adalci, dan gaskiya ɗaya ce. Gwamnatin bata rufe makarantu ba, bata rufe asibitoci ba, duk da magani da kayan aiki sun yi ƙaranci ƙwarai. Mata masu ciki da ƙananan yara an ba su fifiko a rabo, shi yasa mutuwar jarirai bata ƙaru ba, daga wajen 11 cikin dubu a 1989 ta sauko ƙasa da 10 a tsakiyar shekarun 1990. Ba a ga gawarwaki a titi ba kamar yadda aka yi a Koriya ta Arewa a daidai wannan zamanin. Wannan ba ƙaramin abu bane kuma duk mai son ya faɗi labarin nan ya tsallake shi to da wata manufa ya zo. Waɗanda suka fi jin jiki sune tsofaffi, mutuwa ta ƙaru a cikinsu, tarin fuka ya dawo, jariran da ake haifa ba nauyi suka ƙaru.

Haka ma maganar Amurka. A 1992, daidai lokacin da mutane ke ramewa, majalisar Amurka ta yi dokar Torricelli wadda ta hana rassan kamfanonin Amurka da ke wasu ƙasashe ciniki da Kyuba, alhali yawancin wannan cinikin abinci ne da magani, ta kuma ce duk jirgin ruwan da ya tsaya a tashar Kyuba bazai shiga tashar Amurka ba sai bayan kwana 180. A 1996 aka ƙara da dokar Helms-Burton wadda ta ƙara tsananta takunkumin. Lissafinsu shine a matse talaka har ya tashi ya ture gwamnati, wallahi wannan zalunci ne, kuma ma bai yi aiki ba. Sai dai takunkumin ya yi kusan shekara talatin yana nan kafin 1990, ba shi ya rufe kasuwar manoma a 1986 ba, ba shi ya hana mutum soya abinci ya sayar a ƙofar gidansa ba, ba shi ya sa ƙasa mai ƙasar noma irin wannan ta dogara da abincin waje ba saboda an cika mafi kyawun filayen da rake a manyan gonakin gwamnati.

Abin da ya fi taɓa ni a duk lamarin shine kusan duk hanyar da mutum zai bi ya ciyar da iyalinsa laifi ce a doka. Ka je ƙauye ka sayo doya ko cuku a hannun manomi, a shingen hanya a ƙwace. Ka yanka saniya, ko taka ce, ba izinin hukuma, ɗaurin shekaru. A kama ka da dalar Amurka a aljihu, gidan yari. Kuɗin ƙasar kuma, peso, gwamnati ta ci gaba da biyan albashi har ga ma'aikatan masana'antun da suka rufe, kuɗi suka cika hannun mutane ba kayan saya, a kasuwar bayan fage dala ɗaya ta haura peso 120 a 1994, alhali matsakaicin albashi bai kai peso 200 ba. Yi lissafi da kanka, aikin wata guda bai kai dala biyu ba. To ina mutum zai sa kansa? Sai ɗaukar kayan wurin aiki ya zama ruwan dare, mai aikin gidan burodi ya fito da fulawa, direban gwamnati ya zuƙo mai, na masana'antar taba ya fito da sigari, a sayar a sayi abin da wani shima ya ɗauko daga nasa wurin. Mutanen kirki, malamai da injiniyoyi da suka yi imani da juyin da zuciya ɗaya, aka mayar da su masu rayuwa a ɓoye cikin tsoron kwamitin unguwa da ke sa ido a kan kowane layi.

Sai da tura ta kai bango sannan gwamnati ta sassauta. A Agustan 1993 aka halatta riƙe dala, a Satumba aka ba da izinin sana'ar kai a cikin jerin sana'o'i 117, amma likita ko injiniya bazai yi aikin da ya karanta da kansa ba. An kuma karkasa manyan gonakin gwamnati aka miƙa wa ƙungiyoyin manoma, ƙasar dai ta gwamnati ce. Wannan ya kawo sauƙi amma ya zo da nasa ciwon, dan nan take ƙasar ta rabu biyu, masu dala da marasa dala. Wanda ke da ɗan'uwa a birnin Miyami na Amurka, waɗanda jiya ake zagi ana kiransu maciya amana, yau shine mai cin nama, kuma da yake yawancin waɗanda suka fita tun farko farare ne, baƙaƙen Kyuba su ne aka bari a baya. Gwamnati ta rungumi yawon buɗe ido, aka gina otal-otal a Varadero da kuɗin kamfanonin Sifen da wasu ƙasashe, sai ya zama mai ɗaukar jaka a otal yana samun tukuicin da ya fi albashin likitan tiyata na wata a yini guda. Likitoci suka koma tuƙa tasi, malamai suka bar aji. Karuwanci, wanda juyin ke tinƙahon ya kawar, ya dawo a fili a kan titunan Havana. Shi kuwa ɗan ƙasa ko da kuɗinsa ba a yarda ya kama ɗaki a waɗannan otal ɗin ba, wannan dokar sai 2008 aka cire ta.

1994 ita ce shekarar da abin ya fashe. Ranar 13 ga Yuli mutum wajen 70 suka ɗauki wani tsohon jirgin ruwa mai jan jirage mai suna 13 de Marzo za su tsere, ya nutse a kusa da Havana, kusan mutum 40 suka mutu har da yara ƙanana. Waɗanda suka tsira sun ce jiragen hukuma ne suka yi ta dukansa suna fesa musu ruwa, gwamnati tace hatsari ne. Ranar 5 ga Agusta ɗaruruwa zuwa dubban mutane suka fito kan titin bakin teku na Malecón suna ihun neman 'yanci, aka farfasa shagunan dala, irin abin da ba a taɓa gani ba tun 1959. Castro da kansa ya zo wurin, aka kwantar da tarzomar a ranar, aka kama mutane da yawa. Bayan 'yan kwanaki sai ya ba da umarnin kada masu gadin teku su hana duk mai son tafiya. Cikin wata guda mutum sama da dubu 30 suka faɗa teku a kan tiyub ɗin taya, katako, duro da ƙofofin gida da aka ɗaure da igiya, za su ƙetare ruwa mai faɗin kilomita 150 zuwa jihar Florida ta Amurka, dangi na tsaye a bakin ruwa suna kuka suna taya su turawa. Da dama ruwa ya ci su. Gwamnatin shugaban Amurka Clinton ta riƙa kwashe waɗanda ta tsamo tana kai su sansanin sojan Amurka da ke Guantánamo a tsibirin Kyuba. Ranar 1 ga Oktoban shekarar, wata biyu bayan tarzomar, aka sake buɗe kasuwannin manoma, wato abin nan da aka rufe a 1986, kuma nan da nan abinci ya bayyana a kan tebura, farashin bayan fage ya fara sauka, darajar peso ta fara farfaɗowa. Abincin dama akwai mai iya noma shi, hanya ce aka hana. A 1995 aka yarda mutum ya buɗe gidan abinci a cikin gidansa, da sharaɗin kujera kada ta wuce 12 kuma 'yan gida ne kaɗai za su yi aiki. Lambunan cikin birni ma, waɗanda aka yi a kangwaye ba takin zamani, sun taimaka sosai wajen ganye da kayan miya, duk da basu maye gurbin shinkafa da alkamar da ake shigowa da su ba.

Daga 1995 tattalin arzikin ya fara motsi a hankali, kuma da gwamnati ta ji ta samu numfashi sai ta fara janye igiyar, haraji mai nauyi, sufetoci, dakatar da ba da sabbin lasisi, masu sana'ar kai suka ragu. Sannan Hugo Chávez ya ci zaɓe a Benezuwela a 1998, a Oktoban 2000 aka sa hannu a yarjejeniyar da za a riƙa turo wa Kyuba ganga dubu 53 na mai a kullum a kan sauƙi, daga baya ya ƙaru, ita kuma ta tura dubban likitoci. An canza uban gida ne kawai, tsarin na nan yadda yake. A 2002 aka rufe 71 daga cikin masana'antun sukari 156, garuruwan da suka rayu a kansu suka mutu a tsaye.

Da ita ma Benezuwela ta durƙushe, ga korona ta kashe yawon buɗe ido, ga Amurka ta ƙara matse takunkumi, sai komai ya dawo sabo. Ranar 11 ga Yulin 2021 an yi zanga-zangar da ta fi ta 1994 girma, a garuruwa da yawa lokaci guda, aka ɗaure ɗaruruwa. Sukarin da aka yi a 2022 bai kai tan dubu 500 ba, a ƙasar da ta taɓa yin miliyan 8. Dubban ɗaruruwan mutane, yawancinsu matasa, sun fice daga ƙasar tun daga 2021, adadin da ya ninka na 1994 sau da yawa. A Satumban 2024 gwamnati ta rage burodin rabo daga giram 80 zuwa 60, a Oktoba kuma wutar ƙasar gaba ɗaya ta ɗauke na tsawon kwanaki bayan babbar tashar wuta ta Matanzas ta tsaya.